Ordinatar Kawu da Ƙaiƙayin Hannuna

Kawuna, wan mahaifiyata, ya daɗe yana direktan lakkwal, wato shugaban makaranta, kafin ya ajiye aiki ya dawo Matameye ya zauna. Da dawowarsa ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi. Yana bin tsofaffi yana tambayarsu wa ya haƙa wannan rijiya, wa ya fara sare dajin da ya zama gonar wane, daga ina mutanen wancan gida suka taso. Ya bi unguwannin gari, ya bi ƙauyukan Kance, ya leƙa har Dungu. Abin da ya jiyo sai ya dawo ya rubuta a wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, mai ƙugi kamar injin niƙa, wadda ke kan tebur a ɗakinsa na soro.

A cikin haka idonsa ya fara tafiya. An kai shi Damagaram, likita ya ce ba irin wanda ake gyarawa ba ne, sai dai a rage masa sauri. Ya zamana yana ganin haske da inuwar abu, amma baƙi sai an kumbura shi ya kai girman ɗan yatsa. Wannan bai hana shi komai ba, domin tun zamanin keken rubutu yatsunsa suka san hanya. Bayan ya karya kumallo sai ya sako labule, ya kunna abarsa, ya yi ta ƙwanƙwasa shi kaɗai har azahar. Hajiya matarsa ba ta shiga, jikoki ba sa shiga. A duk abin da tsufa da ciwon ido suka ƙwace masa, wannan ne kaɗai ya rage da yake yi ba tare da ya ce wa wani don Allah ba. Na san da haka sarai, kada wani ya ce ban sani ba.

Ni kuwa mai gyaran waya da ordinata ne, ina da ƴar rumfa kusa da tasha. Ni na sa masa tsarin da ke tafiyar da na'urar tun farko, irin na kyauta da ake saukewa ta intanet, domin na gaji da zuwa cire mata cuta. Kuma ina da hali, gara in faɗa da bakina. Ba na iya ganin abu yana aiki in ƙyale shi. In na san akwai yadda zai fi haka, to barci ma sai na yi da ƙyar. Na taɓa kwance fankar masallacinmu da ke juyawa lafiya lau don kawai na ji wani ɗan ƙis-ƙis, muka yi sati muna salla cikin zufa. Mahaifiyata takan ce da hannuna yana da baki da ya ishe ta da surutu.

Wata bazara tsohuwar ordinatar ta mutu. Wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙone mata allon ciki. Na buɗe na shinshina na ce wa Kawu wannan kam sai dai addu'a. Allah ya taimaka faifan da ke riƙe da komai bai taɓu ba. Ɗansa na fari, wanda ke zuwa cin rani Legas, ya aiko da wata ta hannun direba, ba sabuwa fil ba amma ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Na zare faifan daga gawar na sa a cikin wadda aka aiko, na ɗan taɓa saitin farko, na kunna. Sai ga ta ta tashi. Fuskar nan tasa ta bayyana yadda take, da takardunsa ɗari uku da wani abu warwatse a kanta, wasu cunkushe a tsakiya, wasu can gefe ɗai-ɗai, kamar an zubar da gero kaji sun bi ta kai. Ya kama suri, ɗan linzamin na'urar, ya ja hannunsa dama, ya danna, takardar da yake so ta buɗe.

“Ita ce,” ya ce. “Allah shi yi maka albarka. Tashi ka tai wajen aikinka.”

Da na tashi na tafi da ba ni da abin ba da labari yau.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san abin da ke cikin akwatin nan. Ƙwaƙwalwar tsohuwar na'ura irin da ake ce wa mai talatin da biyu ce, ta wannan kuwa mai sittin da huɗu. Tsarin da ke kan faifan an gina shi ne don mai talatin da biyu. Sabuwar tana iya ɗaukarsa, ga shi ma ta ɗauka, amma kamar a ɗaura wa babbar mota amalanken jaki ne. Rabin ƙarfinta yana kwance. Ga shi kuma na karanta cewa masu yin tsarin suna ta janye hannu daga na talatin da biyu, wata rana gyara zai daina zuwa. Wannan gaskiya ne, ban ƙirƙira ba. Amma Kawu ba ya shiga intanet, rubutu kawai yake yi, da na'urar za ta kai shi iyakar inda zai je. Wannan ma na sani. Sai dai ina zaune a rumfata ina liƙa gilashin wayar wani, hankalina yana can soro. In ɗauki abinci in ajiye. Kwana uku na yi a haka, ran na huɗu na wanke ƙafa na tafi.

“Kawu, na'urar nan fa ba a kan daidai take ba.”

“Mi ya same ta?”

“Babu abin da ya same ta. Amma tana iya fin haka.”

“Ni ma ina iya fin haka, ga ni zaune,” ya ce, yana dariya. “Kai dai hannunka ne ke ƙaiƙayi. Ka je ka sosa a wani wuri.”

Ban haƙura ba. Na kawo masa zancen gilashin ƙara girman rubutu, na ce sabon ya fi kyau, baƙi zai fito masa tas. Nan ne na kama shi, kuma na san da gangan na taɓa wurin. Ya juya fuskarsa wajen taga.

“Ba za ka goge mani komi ba?”

“Ko ɗigo, Kawu. Ba irin formatin da ƴan tasha ke yi ba ne. A inda take zan canza ta.”

“Yadda take nake son ta. Ka jiya? Yadda take.”

Na ce na ji. Abin da na ji shi ne kada rubutu ya ɓace. Na kwafe takardun duka a kile biyu, ƴan sandunan nan na ajiyar bayanai, na ba Hajiya ɗaya ta sa a cikin kwalla, na riƙe ɗaya, ina jin kaina mutum mai tsantseni.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai a goge a sa sabo. Haka kowa ke yi, kuma ya fi sauƙi. Amma ni na yi alkawarin ba zan goge ba, sannan, gaskiya, ina son in gwada abin da ban taɓa yi ba. Hanyar ita ce a canza tsarin yana tsaye a kan ƙafarsa, kamar mutum ya canza azarar ɗaki ɗaya bayan ɗaya yana kwance a ciki. Da farko sai a shaida wa tsarin cewa akwai wani irin kaya na sittin da huɗu da zai riƙa karɓa. Sannan a sa masa sabuwar zuciya, a kashe, a kunna, a ga ko za ta buga. In ta buga, sai a bi kayan aikin da ke ciki, sun fi dubu, kowanne a sauke ɗan'uwansa a maye gurbinsa.

Na kwashe na'urar zuwa rumfata da safe, na ce masa la'asar zan maido. Ranar farko ta tafi a kan neman rezo, wato sabis ɗin intanet. In ɗaga waya sama, in fita bakin titi, in dawo, abin yana saukowa kamar ɗigon rufin da ya tsage. Zuciyar ta sauko wajen azahar. Na kashe na kunna, na tsaya a tsaye don na kasa zama. Ta tashi. Na yi tsalle har na buge kai da kwanon rumfa, mai shayin da ke gefena ya leƙo ya ce ko an yi mini haihuwa ne.

La'asar ta yi ban kai ko'ina ba. Na aika wa Kawu cewa sai gobe.

Rana ta biyu ita ce mai haɗarin. Akwai abin da ke sa kaya da cirewa a cikin tsarin, shi ma dole a canza shi, kuma shi ne zai canza kansa da kansa. In aka tsaya a tsakiya, babu tsoho babu sabo. Ina tsakiyar wannan aka ɗauke wuta. Batirin rumfata ya fara kuka, na san ƙarfinsa bai wuce minti goma ba. Na fita da gudu zuwa wajen mai walda na roƙe shi ya tada injinsa ya miƙo mini waya, yana ce mini bari ya gama shayi, ni kuwa kamar in ɗauke shi da kujerar. Aka haɗa da ƙyar. Na dawo zufa har cikin ido, na tarar rubutu yana ci gaba da gudu a baƙin allo. Na zauna a ƙasa.

Da yamma na biya gidan. Na tarar da Kawu a soro, zaune gaban teburin da babu komai a kai, hannayensa biyu a kan katako. Hajiya ta tare ni a zaure ta ce tun jiya haka yake, ya shiga ya fita, ya tambayi lokaci, ya hana kowa sakat.

“Ka maido mishi da abinshi, ɗan nan. Mutumin nan ba ya iya zama haka.”

Na ce gobe in sha Allah. A raina na ce ashe gado na yi.

Rana ta uku ranar kasuwa ce. Gari ya cika, motoci na sauke mutane, masu waya sun yi layi a bakin rumfata, ni kuwa ina korarsu ɗaya bayan ɗaya. Kayan suna ta sauka suna maye juna. Can sai na'urar ta tsaya ta yi mini tambaya. Abin da ke shimfiɗa fuskar, wato wanda ke nuna takardu a kan allo, tsoho ne ƙwarai, an daina yin irinsa, babu ɗan'uwansa na sittin da huɗu a rumbun da ake sauko da kayan. Ta ce za ta cire shi ta sa wani. Da na so, da na bar shi a yadda yake, domin tsarin yana iya riƙe ƴan tsofaffin kaya a gefe. Amma ni so nake in duba jerin in ga babu sauran talatin da biyu ko ɗaya. Na danna e. Da aka gama kuma na bi ɓoyayyun fayilolin da tsofaffin kayan suka bari na share su tas, don ba na son shara. Ban buɗe ko ɗaya na ga abin da ke ciki ba.

Ta tashi cikin ƙiftawar ido. Fuska fes, takardun nan ɗari uku da wani abu sun jeru layi-layi kamar ƴan lakkwal ranar bincike. Na ƙirga, babu wadda ta ɓace. Har na ji daɗi cewa na gyara masa wannan hargitsin a kyauta. Na ɗora ta a babur na nufi gida ina jin kaina.

Na haɗa masa, na kumbura gilashin ƙara girma, na ja baya ina jiran yabo. Ya kama suri, ya ja hannunsa dama kamar kullum, ya danna. Babu abin da ya buɗe. Ya sake. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya bi shi daga sama har ƙasa.

“Ina Dungu?”

“Wace Dungu, Kawu?”

“Dungu tana nan, hannun dama, ƙasa kaɗan. Ina ka kai ta? Ina kasuwa? Nan tsakiya kasuwa take.”

Sai a lokacin na gane abin da na yi shekaru ina kallo ina ce masa hargitsi. Ƙasar ce ya shimfiɗa a kan allon. Gari a tsakiya, kowace unguwa a inda take, kowane ƙauye a gefen da mutum zai fuskanta in zai je can. Takardar kowane gida tana zaune a inda gidan yake, ta rijiya a inda rijiyar take. Tun da ido ya fara gaza shi ya daina sa wa takarda suna, domin ba ya iya karanta sunan. Duk sunansu ɗaya, wanda na'ura ke bayarwa da kanta, sai lamba a gaba. Hannunsa ne ya san hanya, yana zuwa gidan mutum a allo kamar yadda ƙafarsa ke zuwa a gari. Wurin zaman kowace takarda kuwa yana rubuce ne a ɗaya daga cikin ƴan fayilolin da na share. A kile biyun nan rubutu kawai na kwafa. Ko hoton allon ban ɗauka da waya ba, abin da bai fi daƙiƙa ɗaya ba.

Na fara bayani, ina cewa komai yana nan, babu abin da ya ɓace, ga lissafin takardun. Ya ɗaga mini hannu.

“Na ce maka yadda take.”

Bai ƙara ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma haushin kaina ya cika ni har na rasa inda zan sa ido.

Na koma da faifan rumfa na yi kwana biyu ina neman abin da na share. Sabbin kaya sun riga sun hau wurin. Na dawo na ce masa mu sake ginawa. Na rufe rumfa da safe na sati biyu. In buɗe takarda, in karanta layin farko, shi kuma ya ce gidan wane ne, kai ta arewa, ƙara sama, a'a ka wuce, dawo. Wani lokaci ya yi dariya in na karanta sunan wani da kuskure, ya ce ɗan gari guda bai san kakannin maƙwabcinsa ba. Na ɗauka mun kama hanya. Da muka gama allon ya koma kamar da a idona, har Hajiya ta leƙo ta ce ai ga shi nan.

Amma a idona ne kawai. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana zuwa wuri ɗaya ba ya karɓar kusa da wurin. A cikin gari gidajen sun matsu, tsakanin takarda da takarda bai fi faɗin yatsa ba, kuma sabuwar fuskar ta fi tsohuwar ɗan faɗi. Ya ci gaba da sako labulensa yana ƙwanƙwasa, ni kuma na koma rumfa ina ce wa kaina an wuce wurin. Bayan kamar wata guda ya aiko in zo in karanta masa wani abu da ya rubuta, yana son ya ji yadda ya zauna. Na buɗe inda ya nuna. Na karanta tarihin wani gida na malamai, sai a tsakiya, babu ko tsallake layi, labari ya juya ya zama na wata tsohuwar rigimar gona da ta shafi maƙwabtansu, da wanda aka ce ya matsar da iyaka. Ya sa na tsaya. Muka duba wasu, muka sami shida da ya zuba zancen wani gida a cikin na wani.

“Da na mutu aka karanta wannan,” ya ce a hankali, “da na ɗora ma bayin Allah abin da ba su yi ba.”

Na ce zan raba su, na raba. Na ce zan ƙara tazara tsakanin takardun, zan sa wa kowace launi, zan sa na'urar ta riƙa faɗin suna da murya. Ina ta zuba dabaru, bakina ba ya tsayawa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a'a, ya isa. Ba zai sake rubuta abin da bai tabbata inda yake zuba shi ba.

Tun daga ranar bai sake kunna ta shi kaɗai ba. Sau biyu a sati nake zuwa da hantsi, in zauna a kujerarsa, shi yana kan tabarma ya jingina da bango, yana faɗa ina bugawa. Na'urar tana gudu kamar iska, ba ta taɓa tsaya mini ba ko sau ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa garau take, sunaye suna zubo masa har kakan kaka. Amma yakan zo wani wuri, a tsakiyar labarin wani gida, sai in ji ya yi shiru. In ɗaga yatsu ina jira. Ni ɗan gari ne, ina zama da jikokin mutanen nan, ina gyara musu waya, kuma ya san bakina. Abin da zai iya gaya wa allo shi kaɗai bayan labule ba zai iya faɗa a gabana ba.

“Mu tsallake nan,” yakan ce.

Ranar farko na ce masa ya faɗa kawai, wallahi ba zan gaya wa kowa ba. Ya girgiza kai ya ce ba don haka ba ne, mu ci gaba. Ban sake roƙonsa ba. A wasu ranakun sau ɗaya muke tsallakewa, a wasu sau huɗu, kuma mutanen da suka gaya masa waɗannan abubuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. In ya faɗi haka sai in bar layi ɗaya fari, in jira ya kama gaba.